Yauƙin Randa da Sarƙar Sukari: Bayani kan Yadda Ƙwayoyin Bakteriya Ke Kafa Mazauni

1.0 Gabatarwa

A unguwanni irin su Abakpa Nike ta Inugu, inda ƙarancin ruwan famfo ya sa mazauna, ciki har da Hausawa, suke sayen ruwa su adana a duro da jarka da randa, kowa ya san santsin da kan kama cikin mazubi bayan 'yan kwanaki. Wannan maƙala za ta bayyana abin da kimiyya ta gano game da wannan santsi, tare da ba da shawarar kalmomin da za a iya amfani da su wajen koyar da shi da Hausa.

2.0 Batun Kalmomi

Hausa ta bambanta yauƙi da danƙo da gansakuka. Gansakuka koriya ce, kuma tana bukatar hasken rana. Abin da ake magana a kansa a nan kuwa taron ƙwayoyin bakteriya ne da suka manne a jikin abu, suka lulluɓe kansu da yauƙin da suka fitar. Don haka za a kira shi "shimfiɗar yauƙi". Babban sinadarin wannan yauƙi shi ne ƙananan ƙwayoyin sukari da suka ƙullu da juna a jere, wato "sarƙar sukari". Ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin sitaci da ƙaro da yauƙin kuɓewa duk dangin wannan sinadari ne.

3.0 Yadda Ake Gina Shimfiɗar

Tun a 1683 Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya ga ƙananan halittu a cikin dauɗar haƙoransa, amma sai a 1978 Costerton da abokan aikinsa suka bayyana cewa da zaren sukari ne bakteriya ke manne wa abubuwa. Da farko ƙwayar takan sauka, sannan ta manne, ta hayayyafa, ta fitar da yauƙi, daga bisani wasu su ɓalle su kafa sabon mazauni.

Abin lura shi ne, jinsuna da ba su da kusanci sukan yi gini da sinadari guda. Sarƙar da ake kira PNAG an fayyace ta a 1996 a jikin Staphylococcus epidermidis, sannan a 2004 aka tabbatar Escherichia coli ma tana yin ta. Haka kuma Yersinia pestis mai haddasa annoba. A baki kuwa, Streptococcus mutans tana juya sukarin da aka sha zuwa danƙon da wasu jinsuna ke maƙalewa a ciki, kamar yadda mai gida kan sauki baƙi.

4.0 Alaƙarsa da Amai da Gudawa

Vibrio cholerae, mai kawo amai da gudawa, tana da tata sarƙar, wadda ke taimaka mata jure wa kulorin. A 1991 cutar ta kama mutum 59,478 a Nijeriya, ta kashe 7,654. A 2021 an ƙidaya fiye da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu, kimanin 3,600 suka rasu, kuma Bauci da Jigawa da Kano na cikin jihohin da ta fi shafa. Da yake ƙwayoyin kan dunƙule a jikin ƙananan halittun ruwa, binciken da aka buga a 2003 ya nuna cewa tace ruwa da zane mai ninki ya rage cutar da kusan rabi a ƙauyukan Bangaladash.

5.0 Kammalawa

Ke nan ɗauraye randa kawai ba ya isa, sai an dirje cikinta, kamar yadda kurkure baki ba ya maye gurbin asuwaki. Aikin da ke gaban masana harshe shi ne daidaita waɗannan kalmomi, domin ma'aikacin lafiya ya iya faɗa wa mai ga-ruwa dalilin wanke jarkarsa da harshen da yake ji.