Dalilin da ya sa ake busar da iskar gas kafin a tura ta cikin bututu

Iskar gas da ake haƙowa a yankin Neja Delta ba ta fitowa daga rijiya a bushe. Tana zuwa ne ɗauke da tururin ruwa, kuma wannan laima da ido ba ya gani tana cikin manyan abubuwan da ke kashe bututu. Batun ya shafi Arewa kai tsaye, domin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, iskar Kudu zai ɗauko.

Idan laima ta haɗu da gas a ƙarƙashin matsi mai ƙarfi, sukan dunƙule su zama wani abu mai kama da ƙanƙara, ya toshe hanya. Ba sai an yi sanyin da ke daskarar da ruwa ba, saboda haka zafin ƙasar nan ba kariya ba ne, musamman a wuraren da ake rage matsi, inda iskar ke yin sanyi nan take. Ga kuma tsatsa, wadda ke cin ƙarfen daga ciki.

Na'urar da aka fi amfani da ita doguwar hasumiya ce ta ƙarfe. Gas na shiga ta ƙasa yana hawa, wani ruwan sinadari mai kauri da ake kira gilaikol yana gangarowa daga sama yana tsotse laimar, kamar yadda gishiri ke jan danshi da damina. Daga nan a dafa gilaikol ɗin a zafin da ya kai kusan digiri 200, ruwan ya fice, a mayar da shi hasumiya ya ci gaba da aiki.

A masana'antar Bonny, inda ake sanyaya gas zuwa digiri 162 ƙasa da sifili domin a loda shi a jiragen ruwa, wannan bai wadatar ba. Can sai an bi da shi ta cikin ƙwayoyi masu ƙananan ƙofofi da ke kama kusan duk laimar da ta rage.

Masu motocin da aka mayar da su amfani da CNG bayan cire tallafin man fetur a 2023 su ma abin ya shafe su. Gidan sayar da gas da bai kula da na'urar busarwarsa ba yana ɗura wa direba laima a tukunya, ita kuwa tsatsar cikin tukunya ba a ganin ta daga waje.