Taki ya ƙone tumatir

Da rani, a fadamun Matamaye, masu garka suna noman rake da tumatir da salati. Wani lokaci mai garka yakan zuba takin zamani da yawa daf da gindin dashe. Washegari sai ya tarar ganye ya yi yaushi, ga ƙasa kuwa da laima. Sai ya ce taki ya ƙone shi. Amma babu wuta. Mi ya faru?

Jikin tsiro ƙananan ɗakuna ne, kamar saƙar zuma, ido ba ya ganin su. Kowane ɗaki yana cike da ruwa mai ɗan gishiri da sukari. Wata fata siririya ta kewaye shi. Fatar tana barin ruwa ya wuce, amma tana tare yawancin gishiri. Ruwa yakan bar wajen da gishiri ya yi kaɗan, ya tafi wajen da ya yi yawa. Masana suna kiran wannan tafiya osmos.

Ruwan ƙasa bai kai ruwan saiwa gishiri ba, shi ya sa yake shiga saiwa. Ɗakuna su cika, ganye ya miƙe. Takin zamani kuwa dangin gishiri ne. In ya yi yawa, sai tafiyar ta juya: ruwa ya fita daga saiwa, ɗakuna su motse. Ƙasa mai kanwa ma haka take yi.

Dashen da bai mutu ba, a ba shi ruwa da yawa don takin ya tsarma. Gaba kuma a zuba kaɗan, nesa da gindi.