Gudan jini a bangon zuciya: a lura da mai jego

Jini ba kasafai yake daskarewa ba muddin yana gudu yadda ya kamata. Inda ya tsaya ko ya yi sanyin tafiya, nan yake yin guda. Idan zuciya ta raunana ta kumbura, ba ta iya turo jinin da ke cikinta duka, sai ragowar ya kwanta a lungu ya manne a bango. Haka ma yake faruwa a babbar jijiyar da ke fita daga zuciya idan kitse ya ɓata cikinta ko ta buɗe fiye da kima. Likitocin nan Wagadugu suna kiran gudan "caillot". Ku riƙe kalmar.

Gudan da ke manne ba ya ciwo, shi ya sa ake sakaci. Haɗarin yana zuwa ranar da wani yanki ya ɓalle ya bi jini. In ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa, baki ya karkace, magana ta sarƙe, ɓarin jiki ya shanye. In ƙafa ya nufa, sai ta yi sanyi da azabar ciwo farat ɗaya, kuma bayan kamar awa 6 ana iya rasa ta.

Masu hawan jini da waɗanda suka taɓa samun bugun zuciya suna cikin haɗari, amma mun fi damuwa da masu jego. Akwai ciwon raunin zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka yi rubutu a kansa, suka zargi wankan jego da kwanciya kan gadon wuta da kunun kanwa. Binciken baya a Kano ya fi karkata ga talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ko ma mene ne tushen, kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji ba ta ɗaukar wannan. Ga shi kuma jinin mai jego ya fi saurin daskarewa a makonni 6 na farko.

Saboda haka, iyayenmu mata masu kula da jego a Zongo: in ƙafafunta sun kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, tari na tashin ta da dare, kada a ce gajiyar haihuwa ce. A dakatar da kanwa, a kai ta CSPS ko CMA na Pissy, a nemi a duba zuciya. Hoton eko ne ke nuna gudan, kuma akwai sashen zuciya a asibitin Yalgado Ouédraogo. Tun 2016 gwamnati ta ɗauke kuɗin kula da masu ciki da masu haihuwa a asibitocinta. A tambayi abin da ya shiga ciki.

Wanda aka ɗora kan maganin tsinka jini irin su Sintrom, ya sha kullum a lokaci ɗaya, ya riƙa zuwa awon INR, kada ya haɗa da diclofenac ko ibuprofen na 'yan tebur. Jini a dasashi, haɓo mai ƙin tsayawa ko baƙin bayan gida, a koma asibiti ranar. In baki ya karkace, kada a tsaya jiran gari ya waye: a kira 18.