Tsibiri a Kan Tudu: Hawan Dutsen Kufena

Ɗalibin Ikara, Maƙarfi ko Kudan ya yi nisa da teku, amma akwai tsibiri kusa da shi. Haka masana ilmin ƙasa ke kallon Dutsen Kufena da ke yammacin Zariya, daura da Wusasa. A shekarar 1900 wani Bajamushe, Wilhelm Bornhardt, ya raɗa wa ire-irensa suna "inselberg", wato dutse-tsibiri, domin yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili.

Asalinsa narkakken dutse ne da ya daskare can ƙarƙashin ƙasa, kimanin shekaru miliyan 600 da suka shige. Ruwa ya yi ta cin sassan da ke da tsaga yana kwashe su, mai tauri kuwa ya rage. Da nauyin da ke danne shi ya kau, sai bayansa ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar albasa.

Waɗannan fallaye su ne abin tsoro ga mai hawa, don wani yakan motsa in an taka shi. Malamin da zai kai ɗalibai gara ya zaɓi sanyin safiya da rani. Da damina dutsen santsi gare shi, kuma in hadari ya taso, wanda ke ƙololuwa ya fi kowa kusa da aradu.