Bashin haraji a Adjamé: wa ake bin ka, ina za ka biya?

Ɗan kasuwa a Adjamé Liberté ko babbar kasuwar Treichville na iya shekara yana biyan ma'aikatar magajin gari, amma ya wayi gari hukumar haraji ta ƙasa, DGI, na bin sa bashi. Dalilin yana cikin tsarin da Kodebuwa ta shigo da shi a 2021. Wanda cinikinsa na shekara bai wuce sefa miliyan 5 ba, magajin gari yake biya harajin TCE. Daga nan zuwa miliyan 50 kuwa harajin TEE ne, kuma na DGI ne. Mai shagon atamfa ko wayoyi kan tsallake wannan iyaka bai ankara ba, musamman in ba ya rubuta ciniki.

Bashin ba ya tsayawa wuri guda, tarar jinkiri na hawa kansa. Hukumar kan fara da takardar neman biya, sannan gargaɗi. In aka yi shiru, tana iya karɓar kuɗin ta asusun banki ko ta rufe shago.

Wanda takarda ta iske, gara ya je ofishin harajin unguwarsa da rasiɗansa duka, tun kafin a sa kwaɗo. Yana iya roƙon a raba masa biya kashi-kashi, ya kuma rubuta neman sassaucin tara. Kuɗin da aka miƙa wa ɗan tsakani a bakin shago ba tare da rasiɗi ba, ba ya rage ko dala daga bashin.