Tsakanin poco da un poco: faɗin yawa ba da ƙirga ba a Sifaniyanci

Mai koyon Sifaniyanci yakan haddace ƙirga daga uno zuwa cien tun a darussan farko, amma da zarar ya shiga kasuwa irin La Boquería ta birnin Basalona, sai ya tarar masu cefane ba kullum suke kama lamba ba. Zai ji ana cewa un poco de queso, wato ɗan cuku, ko unos tomates, 'yan tumatir. A ganina nan ya kamata malamai su fi ba da ƙarfi, domin da irin waɗannan kalmomi ake yawancin hira.

Bahaushe ya shigo fagen da sa'arsa. Mun saba da wani, wata, wasu, don haka algún, alguna, algunos ba za su ba mu wuya ba, sai dai su jam'insu ma yana da mace, algunas. Haka mucho take bin jinsi da adadi: mucho trabajo, aiki mai yawa, muchas casas, gidaje da yawa. Ruwa ne ke yi wa ɗalibai tarko. Ana cewa el agua, amma kalmar tamace ce, shi ya sa ruwa mai yawa yake mucha agua.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin poco da un poco. Wanda ya ce tengo poco dinero kuka yake yi, kuɗinsa ba su taka kara sun karya ba. Wanda ya ce tengo un poco de dinero yana nufin akwai ɗan abin da ba a rasa ba. Abin da ke aljihunsu zai iya zama daidai, zuciyar mai maganar ce ta bambanta. Lamarin ya fi tsanani idan ana siffanta mutum, domin es poco amable na nufin ba shi da fara'a. Ɗalibin da ya faɗe ta da niyyar yabo ya ɓata wa mai masaukinsa rai.

Demasiado ma tana buƙatar hattara, don tana nufin abu ya wuce kima. Ka ce demasiada sal, wato gishiri ya yi yawa, ka kushe miyar ke nan. Bastante kuwa ba ruwanta da jinsi, jam'i kawai take ɗauka, tana nufin isasshe ko da dama.

Ko lambar kanta ana iya sassauta ta. Unos veinte shi ne wajen ashirin, veintitantos kuma ashirin da 'yan kai, kamar yadda ake faɗin shekarun wanda ba a san ranar haihuwarsa ba.