Mai Gani Kusa, Ba Ya Ganin Nesa

A ajinmu na yaƙi da jahilci akwai waɗanda ke karanta littafi sarai, amma ba su ganin rubutun babban allo sai sun matso. A kasuwar Dinawa ko ta Goronyo ma akwai wanda ba ya gane ɗan'uwansa sai sun yi kusa da juna. Wannan shi ne rashin ganin nesa. Ba sammu ba ne, ba kuwa wauta ba ce.

Ga asalin abin. Ƙwayar ido mai lafiya kewayayya ce kamar lemo, tsawonta wajen milimita 24. Ta mai rashin ganin nesa kuwa ta yi tsawo kamar ƙwai. Saboda haka hasken da ya shiga ba ya sauka daidai a kan tantanin da ke can bayan ido, wanda da shi muke gani. Yawanci abin yakan soma tun ana yara, ya riƙa ƙaruwa har a girma. Akan gaje shi kuma.

Likitoci suna auna shi da lamba. In lambar ta kai -6 ko ta wuce, to, ya yi tsanani. A nan haɗarin yake. Mun san yadda fata take in majemi ya ja ta ƙwarai: sai ta yi sirara, ta yi saurin yagewa. Haka tantanin nan yake a cikin dogon ido. Yana iya yagewa ya ɓanɓare, ko tsakiyarsa ta lalace. Yanar ido kuma takan zo wa irin waɗannan mutane da wuri. Haka nan hawan jinin ido, wanda ke cin gani a ɓoye ba tare da zafi ba.

To, ina magani? Na farko tabarau, shi ne mafi sauƙi da araha. Amma a je a auna ido tukuna. Kada a saya a tebur a kasuwa, kada a ari na maƙwabci, gama kowane ido da lambarsa. Na biyu, akwai ɗan madubi mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, amma yana son tsabta ƙwarai, ga shi ƙurarmu da yawa. Na uku aiki, watau a gyara gaban ido da hasken lesa, ko a sa ɗan madubi a ciki. Wannan na manya ne, kuma da tsada.

Amma mu riƙe wannan: duk ukun nan gani suke gyarawa, ba su rage tsawon ido. Haɗarin yana nan. Don haka mai wannan lalura ya je a duba masa cikin ido shekara shekara, ko da ba ya jin kome.

In ya ga walƙiya a ido, ko baƙaƙen ɗige-ɗige kamar ƙudaje sun yawaita farat ɗaya, ko wani duhu kamar labule ya rufe gefe guda, kada ya kwana. Kada ya tsaya sa kwalli ko jiƙo. Ya nufi Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. In aikin ya fi ƙarfin nan, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano. Tantanin da aka maida da wuri yakan kama. In an yi jinkiri, gani ya kan tafi ke nan.

Yaranmu kuma mu bar su su yi wasa a fili, wajen awa 2 kullum, gama hasken waje yana rage kamuwa da wannan lalura. Yaron da ke ƙanƙance ido in yana duban nesa, kada a doke shi, a kai shi awo.

Tambayoyi
1. Me ke kawo rashin ganin nesa?
2. Tabarau yana rage tsawon ido?
3. Waɗanne alamu uku ne ba a kwana da su?